Na sa kiɗan tausayi a sin ɗin saki, aka fashe da dariya

ƊanJahun, Litinin da dare

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, ina da ɗan shago wajen Wunti a Bauchi inda nake editin, shekara ta biyar ke nan. Tun bara ni da abokaina uku muke cewa za mu yi fim namu na kanmu, sai bayan babbar sallar nan Allah ya nufa muka yi wani gajere, minti 18, da niyyar ɗora shi a YouTube. Labarin wani tela ne da mahaifiyarsa ta matsa masa sai ya saki matarsa, shekara shida ba haihuwa. Fim ɗin gaba ɗaya a kan sin guda ya rataya, wato inda zai ba ta takardar.

Ga yadda muka ɗauka. A falon goggona da ke Jahun muka yi, don ita ce mai kushin masu kyau. Na zaunar da su biyun a doguwar kujera, shi dama ita hagu, suna fuskantar kyamara. Kyamara ɗaya ce, na kafa ta a tsakiyar falo ban motsa ta ba, makirfon jikinta ne ya ɗauki magana. Babu wuta, muka tada janareta a tsakar gida saboda fitilu biyu da fanka. Shi ya yi bayani na kusan minti biyu: irin son da yake mata, yadda Hajiya ta ce in bai sake ta ba ba ta yafe nonon da ya sha ba, yadda ya kwana uku bai runtsa ba. Sannan ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa mata. Ta karanta, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu, ta zube ƙasa. Wallahi yarinyar ta yi ƙoƙari, hawayen gaske ta yi, ba mantileta muka shafa mata ba.

A wurin editin na ɗauko wani kiɗan fiyano mai sanyi da abokina mai situdiyo ya haɗa mini, na shimfiɗa shi daga farkon sin har ƙarshe, da ta zube na ƙara masa ƙarfi.

Daren Juma'a na jona kwamfuta da talabijin a gidan goggon. Ga ƙannena mata, ga 'ya'yanta, ga matan maƙwabta biyu. Ana zuwa wurin ihun nan sai ɗaki ya ɗauki dariya, ba ta mutum ɗaya ba. Goggo ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kai ɗan nan, wannan saki ne ko zance ya zo?" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya ɗaure mini kai, maganganun da muka rubuta ba su da laifi, na sake karanta su a takarda sun taɓa ni. 'Yan wasan ma ba baya ba. To mene ne ya kashe sin ɗin? Asabar mai zuwa kaɗai gare ni in sake ɗauka, don jarumar za ta koma makaranta Azare. Dubu 15 suka rage mini, na mai da abincin rana. Don Allah kada wanda ya ce in sayi sabuwar kyamara.

TsohonMaiSauti, Talata da safe

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi haƙuri da dariyar, ni ma an sha yi mini.

Ban taɓa riƙe kyamara ba. Shekara 27 na yi a gidan rediyo nan Bauchi, yawanci a sashen wasan kwaikwayo, aikina in sa mai sauraro a Darazo ko Ningi ya ga ɗakin da babu shi. Don haka maganar kunne zan yi maka, ido kuma masu shi na nan zuwa.

Yau da dare ka kunna sin ɗin, ka juya wa allon baya, ka saurara kawai. Zan iya faɗa maka abin da za ka ji ko da ban gani ba: gurnanin janareta, fanka, muryoyi biyu kamar daga cikin rijiya, sai fiyano a bisa kansu. Babu gida a ciki. Ina kaji? Ina turmin maƙwabta? Ina yaran da ke wasa a lungu? Kunne bai yarda mutanen nan suna zaune a wani wuri ba, ta yaya zuciya za ta tausaya musu?

Sannan kiɗanka ya riga labari isowa. Tun mijin bai buɗe baki ba fiyano ya yi shelar za a yi kuka, kamar mai ba da labarin ban dariya da ya fara ƙyaƙyatawa tun bai faɗa ba. Mai kallo ya zauna minti biyu yana jiran abin da ya riga ya sani, da abin ya iso ka ƙara murza kiɗa, wato "to ku yi kuka yanzu". Bahaushe kuwa in ka umarce shi ya yi kuka, dariya zai yi maka.

Da ni ne, da daka zan buɗe. Wata a gidan maƙwabta tana daka, ba a ganinta, dum, dum, dum. Duk wanda ya ji daka ya san gida lafiya, ana shirin tuwon dare. Mu da ita muke buɗe sin na cikin gida a rediyo. Sai mijin ya shigo, ba gyaran murya, ba sallama. Ka san magidanci kan yi gyaran murya tun daga zaure, kuma kowace matar aure tana gane na mijinta cikin goma. Ranar da aka ji takun takalminsa ba a ji wannan ba, an san da magana. Ba a ce uffan ba tukuna, amma gaban mai kallo ya fara faɗuwa. Lokacin da takardar ta bayyana, dakan ya tsaya cak. A zahiri mai dakan hutawa ta yi ko za ta tankaɗe, ba mai cewa ka yi ƙarya. A kunnen mai kallo kuwa duniya ce ta tsaya.

Sai dai ka kula, shirun fim ba kashe sauti ba ne. In ka datse sauti ɗungum a kwamfuta, mutum zai ɗauka wayarsa ce ta samu matsala. Kowane ɗaki da numfashinsa. In kun gama ɗauka, ka ce kowa ya tsaya inda yake, ko tari kada a yi, ka naɗi minti ɗaya na ɗakin shi kaɗai. Shi za ka shimfiɗa a ƙarƙashin sin ɗin duka, ya toshe ramukan da ke tsakanin yanka da yanka.

Ba kuma dole sai a lokacin ɗauka za a yi dakan ba. Ka naɗe shi daban, ka ɗora daga baya. Haka ake yi a Amurka tun ƙarshen shekarun 1920 da fim ya fara magana. Wani ma'aikacin kamfanin Universal, Jack Foley, ya shahara da aikin har aka laƙaba wa sana'ar sunansa. Mu muna yi ba mu ma san da shi ba. Ɓawon kwakwa biyu a kan tire mai yashi su ne dawakin hawan sallarmu, guntun kwanon rufi in an girgiza shi ne tsawa. A fim ɗin Psycho na darakta Hitchcock, 1960, ƙarar wuƙa tana shiga jikin mutum da ta hana jama'a barci, wani ɗan'uwan kankana ne aka yi ta caka wa wuƙa. Takardarka ma ka naɗi sautinta daban, kusa da makirfo, yadda take fitowa daga aljihun shadda. In wuri ya yi tsit, wannan 'yar ƙarar za ta yi maka aikin da ihun bai yi ba.

MamanWalida_Jekadafari, Talata da rana

Sannu ƙanena. Ni ba 'yar fim ba ce, malamar firamare ce a Gombe, amma na san abin da ya ba matan nan dariya, don da ina wurin da na taya su.

Goggonka ta gama faɗa maka komai. Kujera ɗaya ka ɗora su, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wannan ai zaman ango da amarya ne a wurin dina, hannunka ne ya saba da bidiyon biki. Wane namiji ne zai zauna gefen matarsa ya yi mata lacca a kan son da yake mata, sannan ya miƙa takarda kamar katin gayyata? Wanda aka tilasta wa saki, ido ma ba ya iya haɗawa da ita.

Bari in faɗa maka abin da na gani da idona ina 'yar shekara 14, lokacin ina zaune a gidan yayata. Mijin ya dawo bayan la'asar, ba lokacin dawowarsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ɗaga labule da hannu ɗaya, bai kuma sake shi ba har ya gama. Takalmi na ƙafarsa, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Ita tana ƙasa a tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Ta yi masa sannu da zuwa, bai amsa ba. Abincinsa na rana na nan gefen ƙofa tun azahar, a rufe da faifai. Ya sunkuya ya ajiye takardar a kan faifan, ya ce "ki yi haƙuri", ita ma kamar labulen yake faɗa wa, ya saki labule. Shi ke nan.

Yayata ba ta yi ihu ba. Ta ci gaba da tsintarta. Na daɗe ina kallon yatsunta kafin na lura tsakuwar take mayarwa faranti tana zubar da ƙwayar shinkafar. Shekara kusan 25 ke nan, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kukan sai da dare na ji shi, ta cusa fuska a filo don kada maƙwabta su ji.

Ban ce kowace mace haka take ba, akwai masu kururuwa, ba kuma laifi suka yi ba. Amma zubewar nan mun gan ta a fim har 'yan mata na kwaikwayonta a gidan biki don nishaɗi. Ƙannenka sun gane ta tun jarumar ba ta kai ƙasa ba.

Ka kuma fitar da su daga falon nan. Tela mai keke ɗaya ina ya samu kushin irin na goggonka? Ka nemi ɗaki mai gado da kabet da jeren kwanuka, kayan da iyayenta suka yi mata. In aka ga jeren nan a bayanta, kowace mace ta san gobe ko jibi za a zo kwashewa. Alhali addini cewa ya yi ta zauna ta yi idda a gidan, yana nan a farkon Suratu Ɗalaƙ, amma ka san mu da al'ada. In kana son taɓa wannan ba tare da wa'azi ba, ka bar akwatinta a saman kabet inda za a riƙa hango shi.

MaiKyamaraPantami, Talata da dare

Baba da Anti sun yi maka rabin aikin. Shekarata tara ina ɗaukar fim da waƙoƙi tsakanin Gombe, Jos da Kano, bari in ƙara da na kyamara, sannan akwai inda ban bi Baba ba, a yi mini afuwa.

Tsayuwar da Anti ta kwatanta kyauta ce ka samu. Shi a tsaye, ita a ƙasa, ba sai an faɗi wanda ke da iko ba. Ka sauke kyamara daidai idonta, kamar ƙanwar nan mai shekara 14 ce ke kallo, shi kuma ka ɗauke shi daga nan ƙasan. Fitilunka biyu ka kashe su. Hasken ƙofa ya isa: yana bayansa, fuskarsa za ta yi duhu, wanda shi ya dace da mutumin da ke jin kunyar abin da yake yi. Ita hasken na sauka a fuskarta, yana sakin labule ya ɗauke daga kanta. Ka ga ka samu canjin haske a kusa da inda Baba ya tsayar da daka, ko sisi ba ka kashe ba. In gefen fuskarta ya cika duhu, wani ya riƙe farin zani ko farin kwali ya maido mata da haske. Ka nemi ɗakin da ƙofarsa ke kallon yamma, ku yi tsakanin huɗu da rabi zuwa biyar da rabi. Ba fitila ba janareta, kuɗin man ka ƙara wa yara nama.

Kyamara ɗaya ba matsala ba ce, maimaita sin ɗin za ku yi: ɗaya daga nesa a ga ɗaki duka, ɗaya fuskarta, ɗaya shi, sai ƙananan abubuwa, hannu a faranti, takalmi a dokin ƙofa, takarda a kan faifai. Ka dai ja layi a ranka daga shi zuwa ita, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin har ku gama. In ka tsallaka, a editin za ka ga su biyun suna kallon ɓangare ɗaya kamar ba juna suke fuskanta ba.

Kada ka matsa wa jaruma sai ta nuna baƙin ciki a fuska. Wajen shekara ɗari da suka wuce wani darakta a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa ba murmushi ba ɓacin rai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da yarinya a akwatin gawa, ya sake haɗa ta da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka yi ta yabon gwanintarsa, wai ga yunwa, ga alhini, ga sha'awa, alhali hoton fuskar ɗaya ne. Ka nuna takarda a kan faifai, ka bi ta da fuskar yarinyar tana kallon ƙasa, mai kallo da kansa zai zuba mata abin da ke ransa.

Rijiyar da Baba ya ce kuwa nisa ne. Duk ninkin nisa tsakanin baki da makirfo, murya na raguwa da wajen desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, amsa-kuwwar ɗaki kuma tana nan yadda take. Ba ka da bum, wato makirfon da ake miƙawa a kan doguwar sanda, to ga wayarka. Ka rufe layinta don kada kira ya shigo, ka kunna rikoda, ka ɓoye ta bayan kwanon abincin. Kafin kowace ɗauka wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto. Aikin allon nan da ake bugawa a lokeshin ke nan, ba ado ba ne.

Yanzu inda na saɓa da Baba. Baba ya yi wa mutumin da ya rungume rediyo da dare aiki, gari tsit. Kai mai kallonka yana cikin keke daga Wunti zuwa Yelwa, da sifikar waya ko iyafis ɗaya a kunne. Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, dum ɗin turmin nan zai iya ɓacewa ɗungum. Ka gwada a waya mafi arha a gidanku kafin ka saki fim. Bayan haka mutanenmu da kiɗa suka tashi. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, da waƙoƙi bakwai ya fito, kuma finafinan Indiya iyayenmu suka yi shekara da shekaru suna kallo a silima. Da namu na kaset suka fara a Kano wajen 1990, ba a daɗe ba fiyanon Yamaha ya zama abokin tafiyarsu. Kunnen da ya saba da wannan, in ka bar shi minti uku ba kiɗa, cewa zai yi ba a gama aikin fim ɗin ba. Psycho ɗin ma da Baba ya kawo, da farko Hitchcock ba ya son kiɗa a sin ɗin wankan da aka caka wuƙar, sai da mai haɗa kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya haɗa masa na gogen Turawa mai tsinin nan ya ji, sannan ya sauya ra'ayi. Ni dai shawarata kiɗa ya shigo, amma a makare. Labule ya faɗi, a ga yatsunta, ka ƙirga goma, sannan abin kiɗa guda ɗaya tak, a hankali.

ƊanGwallameji, Talata da dare

Duk kun wahalar da yaro. A sake ta, ta hau mota ta tafi Yankari, ta yi waƙar baƙin ciki a bakin Wikki da canjin kaya uku. Ku ga yadda za a yi tururuwar kallo.

TsohonMaiSauti, Laraba

Ɗan Pantami, maganar waya gaskiyarka ce, a zamanina babu ita. Amma in za a sa kiɗa, a san na wa ake ɗaukowa, don a ƙasar Hausa abin kiɗa da masu shi. Kakaki da tambari na sarauta ne. Na taɓa ganin fim an busa wa ɗan kasuwa kakaki don ya sayi sabuwar mota, na tashi na kashe talabijin. Kalangu asalinsa na mahauta ne, ko da yake ya daɗe da shiga biki. Goge in dattijo ya ji, wajen bori hankalinsa zai tafi, ba ɗakin matar aure ba. Fiyano ba na kowa ba ne, shi ya sa yake shiga ko'ina, amma ba ya tuna wa mutum komai sai wani fim ɗin.

Da zan zaɓa wa yarinyar nan, sarewa ɗaya zan nema irin ta makiyaya, a busa kaɗan a yi shiru. Ko ma ba kiɗa ba: guɗa daga can nesa, wani gida an haihu. Matar da aka saka don rashin haihuwa tana zaune da takarda a gabanta, unguwa na guɗa. Sai dai wannan wuƙa ce mai kaifi, ɗana, in ka ɗaga ta da ƙarfi za a ce nuna gwaninta kake.

ƊanJahun, Lahadi da dare

Baba, Anti, Yaya na Pantami, Allah ya saka da alheri. Mun ɗauka jiya, ga rahoto.

Na samu ɗakin matar yayan abokina a wajen Ƙofar Ran, ƙofa na kallon yamma, ga jere ga kabet, akwatin ma ba mu muka ɗora ba, a can muka same shi. Shafi biyu na maganar miji na mayar da su kalma biyar: "Hajiya ce. Ki yi haƙuri." Jarumin ya yi fushi sosai, don ya sha wahalar haddace shafukan nan, sai da na nuna masa hotonsa a bakin ƙofa sannan ya sauko. Anti, na ari shinkafar yayarki, ina fata ban yi laifi ba.

Hadari ya taso ƙarfe biyar da 'yan mintoci, don haka abin da muka samu bai wuce minti 40 na rana ba. Sau biyu na manta tafi, sai da na bi motsin baki na daidaita, na sha wuya. Daka kuwa, Baba, duk lungun ba wadda ta yi, kowa inji yake kaiwa yanzu. Yau da safe goggo da kanta na roƙa ta ɗauko turmi ta daka mini gero, tana yi tana cewa na mayar da ita 'yar fim da tsufanta. Na gwada a tsohuwar wayar ƙanwata, dum ɗin ya ɓace kamar yadda Yaya ya faɗa. Na sake naɗa da waya kusa da bakin turmi, inda ake jin ƙarar taɓarya da hatsin yana tsalle, wannan ya fito.

Ga abin da ban shirya ba. A ɗauka ta huɗu, ta fuskarta, miji ya saki labule, haske ya ɗauke, ina ƙirga goman nan a raina, sai almajiri ya tsaya a zaure ya rera bararsa, "Iya ko ɗan saura." Saura kaɗan in ce a yanke, wanda ke riƙe da farin zani ya dafe mini hannu. Yarinyar, ba wanda ya ce mata komai, ta ɗago ta kalli kwanon abincin nan da takarda ke kai, ta daɗe tana kallonsa, ta mayar da kai ga farantinta. Yaron ya sake maimaitawa sau ɗaya, aka ji takunsa ya tafi.

Wannan na sa. Ban sa guɗa ba, su biyun sun yi wa wuri ɗaya yawa. Ɗazu bayan magariba na nuna wa mutanen da suka yi mini dariya, ba wanda ya yi motsi. Ƙanwata mai bakin nan ta ce hoton ya cika duhu, kuma tana da gaskiya a ɗaukar nesa, don a nan ne hadarin ya rufe rana. Goggo ba ta yabe ni ba, ba ta saba ba. Da sin ya ƙare tambayata ta yi, "Abincin fa, kun dai ba yaron?" Mun ba shi, abokina ya bi shi har bakin titi. Ya kuma gane makarantarsu, gobe zan je wurin malaminsu in nemi izinin barin muryarsa a fim ɗin.

Abu biyu suka rage. Yaya na Pantami, ɗaukar nesa ta yi shuɗi-shuɗi, ta kusa kuma ja-ja saboda rana, in na jera su ana ganin bambanci; a editin zan ɗumama ta nesan ne ko in sanyaya ta kusan? Sannan har yanzu ban yanke shawara kan sarewar ba, ina so in gwada ta bayan tafiyar almajirin in ji ko ta yi yawa. In akwai wanda ya san mai busa a cikin garin Bauchi ko wajen kasuwar shanu, ya turo mini saƙo. Dubu 4 suka rage.